Shagon dawo da fayil a Beirut Road: abin da suka ceto mana bayan bairos ya kulle had-dis ɗin situdiyo

In a gajarce ake so, masu shagon nan sun san aikinsu, kuɗinsu da ɗan zafi, sauri kuma babu shi ko kaɗan, amma a duk inda muka zaga su kaɗai ne suka gaya mana gaskiya tun kafin su karɓi ko sisi, cewa ba komai ne zai dawo ba, kuma abin da suka ce zai dawo ɗin kusan shi ne ya dawo. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, yana dai saman wata filaza a Beirut Road nan Kano, ɗan ƙaramin ɗaki ne, injiniya ɗaya da yaransa biyu, ba sa sayar da waya ko caja, had-dis da fulash da katin kyamara kawai suke taɓawa.

Situdiyon yayana ne abin ya faɗa wa, hoto da bidiyon biki yake yi, ni kuma ina taya shi tacewa in aiki ya yi yawa. Wani yaron shago ne ya sauke kirak ɗin manhajar tace bidiyo, wato kwafin sata da aka fasa don a yi amfani da shi ba biya, daga irin shafukan nan da zaka danna maɓalli ɗaya su buɗe maka goma, har ya kashe antibairos saboda takardar bayanin kirak ɗin tace sai an kashe, toh kafin gari ya waye duk fayil ɗin dake kwamfutar da na had-dis ɗin waje mai tera 2 dake maƙale a jikinta sun zama farare, kowanne an ƙara masa wasu haruffa huɗu marasa ma'ana a ƙarshen suna, ka danna hoto ya ƙi buɗewa ka danna bidiyo ya ƙi, kuma kowace folda ka shiga akwai wata takarda mai suna _readme.txt tana cewa kar ka damu zaka iya samun fayil ɗinka, ka biya dala 980, in ka tuntuɓe su cikin awa 72 zasu maka ragi zuwa 490. Wai har da ragi fa, ɓarawo da rangwame. A ciki akwai kamu da ɗaurin aure da dina na mutane da ba a ba su aikinsu ba tukuna, kuma duk wanda ya san harkar nan ya san amarya ba ta jin kalmar bairos, hotonta kawai ta sani.

Masu gyaran da muka fara kaiwa kusan bakinsu ɗaya, a yi fomat a ɗora Windows sabo shikenan, wani ma har ya saka fulash ɗinsa zai fara sai da Yaya ya riƙe masa hannu. Wani kuma yace ai shotkot bairos ne, minti biyar zai gyara, ya buɗe baƙin allon nan ya buga attrib -h -r -s /s /d yana jiran folda su fito. Ba laifinsa ba ne sosai, domin shi ne bairos ɗin da kowa ya saba gani a fulash ɗin da aka kai shagon firintin ko kafe, wanda yake ɓoye folda ya ajiye shotkot a madadinta, wannan kam fayil ɗinka na nan lafiya ƙalau ɓoye su kawai aka yi, umarnin nan ko antibairos ɗin Smadav ma yana fito da su. Namu ba ɓoyewa aka yi ba, kulle cikin fayil ɗin aka yi da makulli, kuma mai gyaran da bai iya bambance waɗannan biyun ba to dan Allah ka ɗauke kayanka ka yi gaba.

Shi wannan injiniyan abin da ya fara burge ni shi ne tambayoyinsa kafin ya taɓa komai. An kunna kwamfutar bayan abin ya faru? An kwafi wani abu a kan had-dis ɗin? An ɗora wata manhajar dawo da fayil a kai? Ya taɓa faɗuwa ƙasa, yana wani ƙara ƙas-ƙas in an jona shi? Sai da Yaya ya amsa duka sannan ya ciro had-dis ɗin cikin kwamfutar ya jona a tasa, bai yarda a tayar da Windows ɗinmu ba sam, yace bairos ɗin yana sa kansa a jerin abubuwan dake tashi da kwamfuta, duk sabon fayil da ya gani zai sake kullewa.

Ya buɗe takardar nan ya kalli lambar da suke kira ID a can ƙasa, ya ɗauki ƙaramin fayil ɗaya ya ɗora a shafin ID Ransomware mai gano irin bairos ɗin da ya kulle fayil, nan take ya nuna wani bairos ne mai suna STOP/Djvu, yace wannan shi ne wanda ya fi zuwa masa, kuma kusan kullum ta hanyar kirak yake shigowa. Sai ya juyo ya kalli Yaya yace, "Alhaji, bari na faɗa maka yadda abin yake kar ka ce na yaudare ka. In lokacin da ya shiga babu intanet, makullin gama-gari yake amfani da shi, lambar nan sai ka ga ta ƙare da t1, wannan akwai fata. Naka da intanet ya shiga, makullinka na wajen su, kai kaɗai aka yanka wa shi, babu wanda zai buɗe maka shi a Kano ko Legas ko Ingila." Yaya yace, "To Injiniya ai ka gama magana, mu tashi kenan." Yace a'a zauna, buɗewa daban ceto daban.

Duk da haka sai da ya gwada manhajar buɗewa ta kamfanin antibairos na Emsisoft a gabanmu, wadda suka fitar kyauta a 2019, ta kuwa rubuto cewa makullin intanet ne ba zai buɗu ba. Yayi mana bayanin cewa tsofaffin nau'ikan kafin watan Agustan 2019 an samu lagonsu, amma na bayan nan masu abin sun canja salon kullewa, sai dai na gama-garin nan in wani ya biya ya bayar da makullin aka saka a manhajar kowa ya amfana. Ya kuma duba shafin No More Ransom mai tara manhajojin buɗe irin wannan kulle, wanda 'yan sandan Turai da na Holan suka buɗe da haɗin gwiwar kamfanonin tsaro a 2016, nan ma babu. Ni dai wannan ya kwantar min da hankali, don duk abubuwan nan kyauta ne, da wani ne zai juya maka allo ya ce wata manhaja ce ta musamman da ya sayo da dala ya caje ka kuɗinta.

Maganar biyan ɓarayin ma ta taso, don gaskiya Yaya ya fara lissafin nawa dala 490 take a naira. Injiniya yace shi dai ba ya shiga tsakani a wannan, ba ya tura wa kowa Bitcoin, kuma babu wanda zaka kai ƙara in sun karɓa sun yi shiru. Ya bar maganar a nan bai yi wa'azi ba.

Sai aka zo kan aikin kansa, kuma nan ne na ga bambancin su da sauran. Ya buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar had-dis, had-dis ɗin kwamfutar ya nuna shuɗi lafiya lau, na wajen nan mai tera 2 kuwa ya nuna rawaya, akwai gurabe da suka fara lalacewa a jikin faifan. Yace wannan ba aikin bairos ba ne, bairos ba ya cin ƙarfe, wannan daga zare waya ba tare da an cire shi ta ƙa'ida ba ne da ɗauke wuta da bugewa a jaka, amma kullewar da aka yi dare guda ana karantawa ana rubutawa ta ƙara gajiyar da shi. Saboda haka yace ba zai yi sikanin a kansa ba, sai mun kawo wani had-dis sabo da ya kai shi girma ko ya fi, ya kwafe tsohon gaba ɗaya gurbi bayan gurbi, sannan duk wani tone-tone a kan kwafin za a yi. Da ddrescue yayi kwafin a wata tsohuwar kwamfuta mai Linux dake lungu, ita manhajar tana fara kwashe wuraren dake da lafiya da sauri, ta tsallake masu matsala, sai daga baya ta dawo tana lallaɓa su, kuma tana ajiye taswirar inda ta tsaya, ko wuta ta ɗauke daga nan za a ci gaba. Shagon na da sola da inbata, wannan ma abin dubawa ne kafin ka bar faifanka a ko'ina.

Na tambaye shi to in an kulle ai an kulle, me za a tono? Sai yace in ka goge fayil ko kayi fomat na gaggawa, kamar an goge sunan ɗan haya ne daga littafin mai gida amma mutumin na cikin ɗakinsa har ranar da aka zuba sabon ɗan haya a kai. Situdiyo kuwa kullum cikin kwafi da gogewa ake, ka kwafo daga kati zuwa kwamfuta, ka mayar had-dis ɗin waje, ka goge na farko, manhajar tacewa ma tana ajiye nata kwafin na wucin gadi, duk waɗannan gogaggun bairos ɗin bai gansu ba don shi abin dake cikin littafi kawai yake bi. Su zai nemo.

Ya fara da manhajar dawo da gogaggun fayil mai suna Recuva don mu gani da idonmu, tana jero fayil da ɗigo kore ko ruwan lemo ko ja, koren akwai fata jan an riga an rubuta wani abu a kansa, ta samo kaɗan da sunayensu. Babban kamun da PhotoRec aka yi shi, wata manhaja ce kyauta ta wani Bafaranshe Christophe Grenier, tare take zuwa da TestDisk, ba ta da kwalliya ko ɗaya rubutu ne fari a baƙin allo, ita ba ruwanta da littafin sunaye, bin faifan take tana shinshino farkon kowane irin fayil, in taga alamar JPG ta yanko, in taga ta MP4 ta yanko. Toh amma fa a nan ne wahalar take, domin abin da zata baka folda ne recup_dir.1, recup_dir.2 har zuwa ɗari da wani abu, kowacce cike da fayil masu suna irin f1839204.jpg, babu sunan amarya babu sunan folda babu komai, hoton ɗaurin auren wani a gefen hoton sunan jaririn wata a gefen tambarin Facebook da ƙananan hotunan da burauza ta tara. Na zauna ina gungurawa sai ga hoton wata amarya a lulluɓe da farin mayafi ana fesa mata turare, saman hoton tas har ana ganin zanen lallen hannunta, daga ƙirji zuwa ƙasa kuma toka-toka kawai, wani fayil ya hau kan rabin. Irin wannan sun yi yawa, sai ka ji kamar kayi kuka.

Dabarar da ta fi ceton mu ba ma a had-dis ɗin take ba. Shi ne yace Yaya ya koma ya tattaro duk katunan kyamara, har waɗanda aka yi wa fomat, kuma kar a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da su. Katunan da ba a sake cika su ba bayan fomat, hotunan bikin ƙarshe sun fito cif, manya yadda kyamara ta ɗauka. Wanda aka riga aka je wani biki da shi kuwa sai abin da ya rage a can ƙarshen katin. Bidiyon kati bai yi kyau kamar hoto ba, wasu sun fito amma ba sa buɗewa, yace saboda kyamara a gutsure take rubuta dogon bidiyo, manhajar kuma a jere take zaton samunsa.

Sai abu na biyu da ban taɓa jin sa ba sai a wajensa. Ashe shi wannan STOP/Djvu ɗin don ya yi sauri ba duk fayil yake kullewa ba, kilobait 150 na farko kawai yake lalatawa, sauran jikin yana nan yadda yake. Ƙaramin fayil irin takardar Word ko rasit ya tafi kenan tunda duka jikinsa bai wuce haka ba, amma bidiyo mai giga 3 ai ɗan kansa kawai aka taɓa. Sai ya nemi mu kawo lafiyayyen bidiyo da aka ɗauka da kyamara ɗaya kuma a saiti ɗaya, ya yi amfani da shi ya gina wa kullallun sabon kai. Da ya kunna na farko, allon ya ɗan yi dishi-dishi na ƙiftawar ido sai ga zauren dina, MC na kiran dangin ango su fito liƙi, murya da hoto suna tafiya tare, Yaya ya miƙe tsaye yana ta Alhamdulillahi har yaran shagon suna dariya. Ba duka ne suka gyaru ba, wasu hoto na tafiya babu murya, wasu sun ƙi sam, na wayar hannu da aka turo ta WhatsApp kuwa bai ma ɓata lokaci a kansu ba yace a nemi masu su su sake turowa.

A taƙaice dai mafi yawan bidiyon manyan kyamarori sun dawo, hotunan bukukuwan baya-bayan nan sun dawo ta kati, tsofaffin hotuna wasu sun fito wasu rabi wasu babu, takardun lissafi da fayil ɗin aikin tacewa kuwa sun tafi, dole aka sake tace komai daga farko. Akwai biki ɗaya da kamunsa ya salwanta gaba ɗaya, sai haƙuri aka je aka bayar aka mayar da wani abu daga cikin kuɗi.

Yanzu ga ƙorafina. Na farko alƙawarin lokaci, in yace maka jibi to ka ninka, kuma ba ya ɗaga waya in yana aiki, yaran ne zasu ce maka "yana kai Yallaɓai" ko da bai fara ba. Na yarda kwafin faifai mai ciwo ba a yi masa gaggawa, amma ai sai ka faɗa wa mutum gaskiyar lokacin kamar yadda ka faɗa masa gaskiyar makulli, mu kuma ga masu biki sun hana mu sakat. Na biyu, bai tantance mana komai ba, haka ya miƙo tulin recup_dir ɗin nan, da na yi magana yace tantancewa kuɗinta daban, alhali akwai manhajojin dake jera hotuna bisa ranar da kyamara ta rubuta a cikinsu, ni da kaina na yi hakan a gida kuma bai ɗauki wani dogon lokaci ba, da ya haɗa da shi a cikin aikin ai da ya fi mutunci. Na uku kuma shi ya fi damuna, allon da ake duba fayil ɗin yana fuskantar ƙofa, duk wanda ya shigo yana ganin abin dake kai, mu hotunan matan mutane ne a wajen kamu da wankan amarya, wani kuma takardun ofis ne ko na asibiti. Sai da Yaya yace a juya allon, aka juya ba musu, amma bai kamata sai an roƙa ba. Babu kuma wata takarda da ake sa hannu cewa zasu goge kwafin dake wajensu, da baki kawai yace zai riƙe na ɗan lokaci ko da namu ya samu matsala sannan ya goge, mun koma ya goge a gabanmu, amma da ba mu koma ba fa?

Kuɗi kuwa, a lokacin da muka je akwai na dubawa naira dubu biyar da ba a mayarwa ko an samu ko ba a samu ba, aikin kansa muka daidaita a dubu sittin bayan ciniki mai tsawo, ban da kuɗin sabon had-dis da muka saya a ƙasan filazar. Abin da na yaba shi ne ba ya karɓar cikon sai ka zauna ka buɗe fayil ɗin da kanka ka ga suna aiki, ba jerin sunaye kawai zai nuna maka ba, don akwai masu nuna maka dubban sunaye a allo ka biya ka je gida ka tarar babu mai buɗewa. Ga mai situdiyo kuɗin bai kai asarar biki ɗaya ba. Ga ɗalibin da furojet ɗinsa ɗaya ya ɓata a fulash kuwa yayi yawa, shi da kansa na ji yana gaya wa wata ɗaliba ta je ta gwada Recuva ko EaseUS na kyauta da yake ba da har giga 2, sharaɗin kawai kar ta ɗora manhajar a kan abin da take son cetowa kuma kar ta ajiye abin da ya fito a kansa.

Akwai abubuwan da baya yi kuma yana faɗa tun farko. Faifan dake ƙara ko wanda baya juyawa baya buɗe shi, yace wannan sai ɗaki na musamman mara ƙura, sai dai a tura Legas kuma kuɗin wani abu ne daban. SSD ma, wato sabon nau'in ma'ajiyar kwamfuta da babu faifai mai juyawa a ciki, baya cika alƙawari a kai, saboda ita in an goge abu tana share gurbin da kanta ba da daɗewa ba, da kwamfutarmu SSD ce da rabin abin da aka tono bai samu ba.

Wani abu da ya ƙara mana wanda babu mai gyaran da ya ambata, yace irin wannan bairos ɗin sau da yawa yana zuwa da abokin tafiya mai satar faswod ɗin da aka ajiye a burauza, don haka a canja na imel da Facebook da Instagram da na banki daga wata waya daban tun kafin a gama gyaran. Kwamfutar sai bayan an gama kwashe komai sannan aka yi mata fomat ɗin da kowa ke ta gaggawar yi tun farko. Tsohon had-dis ɗin kuma yace kar a goge kullallun fayil ɗin, a ajiye shi da takardar _readme.txt ɗin, don an sha ganin an kama masu irin wannan ko makullansu sun fito bayan shekaru.

In ana ba da maki zan ba su huɗu cikin biyar, ɗayan na cire shi ne saboda allon nan da kuma wayar da ba a ɗagawa. In zaka je, kashe kwamfutar ka zare had-dis ɗin tun a gida, ka tafi da wani faifan da babu komai a kai wanda ya kai naka girma, da duk katunan kyamara ko fulash da fayil ɗin suka taɓa bi ta ciki, da lafiyayyen fayil ɗaya daga na'urar da ta ɗauke su, kuma ka je da safe, don daga azahar layi ne har kan matakala.